Tauraro biyu na ba masaukinmu na Alƙahira, ɗayan ma albarkacin yaron kantar karɓar baƙi ne

Sai da na bari zuciyata ta sauka kafin na zauna rubuta wannan, don da a satin da muka dawo na rubuta, masifa kawai za ku karanta. Ba zan kama sunan wajen ba. Duk wanda ya taɓa neman ɗaki mai sauƙin kuɗi a tsakiyar Alƙahira ya san irinsu: tsohon gini tsakanin Dandalin Tahrir da titin Talaat Harb, a gyara hawa ɗaya ko biyu a cikinsa a kafa allo a ce otal ne, sauran benayen kuwa gidajen mutane ne da ofisoshi da shagon tela.

Ni da Ummata muka je, a hunturun da ya wuce. Ita ganin likitan ido ya kai ta. Ni kuma na ce tunda an riga an kashe kuɗin jirgi daga Kano, ba za mu dawo ba sai mun ga dalar Fir'auna a Giza, mun yi sallah a Azhar, mun shiga kasuwar Khan al-Khalili. Shi ya sa na ƙi jin maganar ɗan maƙwabcinmu da ke karatu a Azhar, da ya ce mu sauka a Madinat Nasr kusa da su, inda 'yan gida suke da yawa. Na ce masa ni ba zaman ɗaki ya kawo ni ba, so nake in buɗe taga in ga gari. Na shiga manhajar kama ɗaki na zaɓa da hannuna. Hotuna tsaf tsaf, maki ya haura takwas, Turawa sun cika shafin da yabon karin kumallo da cewa tashar Sadat ta jirgin ƙarƙashin ƙasa tana nan bakin ƙofa. Duk ba su yi ƙarya ba. Sai dai ko mutum ɗaya bai rubuta yadda ake fita daga ginin ba, ni ma kuma ban nemi sani ba.

Kwana biyun farko na riƙa yi wa kaina kirari. Ɗaki wadatacce, rufi can sama, zanin gado fes, ruwan zafi ba ya yankewa. Har hoton baranda na tura wa ƙannena a WhatsApp ina cewa ku ga inda nake. Abin da kawai Umma ta tsana shi ne lif ɗin, wani tsohon keji na ƙarfe mai ƙofar katako, mutum uku ya cika. Duk shigarmu sai ta yi bisimilla ta ce, "Wannan akurkin kajin ne zai kai mu hawa na shida?" Kuma shidan nasu ba irin namu ba ne. Ba sa ƙirga ƙasa, sannan tsawon kowane hawa ya kusa ɗaya da rabi na benen gida. Unguwar tun zamanin Khidiwi Isma'il, mai mulkin Masar na lokacin, aka zana ta, a shekarun 1860, ana kwaikwayon Paris, kuma da yawa daga gine-ginen sun kai shekara ɗari ko sun wuce. An gina su ne lokacin da kwan fitila ne kawai ke jan wuta, yau ga na'urar sanyaya ɗaki a kowace taga, ga hita a kowane ɗaki da sanyi. A lokacin kyan tsufan ginin kawai nake gani.

Ranar da muka iso manajan ya karɓi fasfo ɗinmu biyu, wai zai yi rajistar baƙi. Wannan ka'ida ce, na sani, amma kwafi ake ɗauka a miƙo maka abinka. Na tambaya da yamma ya ce "bukra", wato gobe. Washegari ma "bukra". Na ce to, ai ba gudu zai yi ba.

Daren na uku, wajen ƙarfe biyu da rabi, Umma ta tashe ni. Ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "Ke, tashi, ƙauri nake ji." Na yi zaton hitar ɗakinmu ce, na kai hannu zan kashe, sai na ga ai babu wuta gaba ɗaya. Na kunna tocilar waya na buɗe ƙofa. Hayaƙi ne a lungun ɗakunan otal ɗin ba mai kauri sosai ba, amma irin warin robar waya in tana ci, mai kama maƙogwaro. Gabana ya yanke ya faɗi.

Na ruga kantar karɓar baƙi, ba kowa. Kujera kawai da kofin shayi. Ba ƙararrawa, ba fitilar gaggawa ko ɗaya, duhu ɗumɗum. Akwai wata jar tukunyar kashe gobara a rataye bayan kanta, na haska ta, allurarta ta kwanta a ja, ƙura ta yi mata hula. A ƙarshen lungun na tuna na taɓa ganin wata ƙofa da koren allo mai hoton mutum yana gudu. Na je na tura. Kwaɗo ne a jiki, babba, irin na shagon Kwari. Ta gilashin ƙofar na hango matakalar ƙarfe ta baya, irin wadda masu aikin gida suke bi a da, an cika ta da tsofaffin katifu da karyayyun kujeru har sama. Ko da makulli a hannuna ba inda zan sa ƙafa.

Saura hanya ɗaya ke nan, babbar matakalar da ta naɗe lif ɗin, kuma ta nan hayaƙin yake tasowa kamar bututu. Umma tana da ciwon gwiwa, a gida ma a zaune take sallah. Ga ido ɗaya da aka ɗiga wa magani an rufe da auduga. Na jiƙa tawul biyu a banɗaki, na ba ta ɗaya ta toshe hanci, na ɗauki jakar magungunanta. Na tsaya da waya a hannu ina son kiran 'yan kwana-kwana, sai na gane ban san lambarsu ba. Ina da lambar mai sayar da abaya a Khan al-Khalili, ina da ta direban da zai kai mu Giza, amma ban da ta kashe gobara. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Sauran baƙi suka fara fitowa, wasu Turawa biyu da jakunkunan goyo suka wuce mu fuu suka gangara. Mu kuwa taka ɗaya, hutu ɗaya. Umma tana ta "Hasbunallahu wa ni'imal wakil", tana cewa, "Ki tafi ki bar ni, ina nan tafe." Na ce, "Umma, don Allah ki daina faɗar haka." Ba mu gama sauka hawa ɗaya ba numfashinta ya fara sarƙewa.

A nan ne muka ji takun gudu daga ƙasa. Yaron kanta ne, wanda nake ta tsine wa a raina. Ashe shi ya fara jin warin, ya sauka ya gano allon mitocin wuta ne ke ci a hawa na biyu, ya kashe babban makunnin ginin, ya tayar da maigadi, sannan ya hawo yana buga ƙofofi. Yaro ne da bai fi shekara 22 ba, siriri kamar sillen kara. Ya dubi Umma, ya dubi matakala, ya cire rigar sanyinsa ya miƙo min, ya durƙusa ya ce, "Yalla ya Hagga." Umma ta ce a'a, ina ita ina hawa bayan ɗan mutane. Na ce, "Umma, jikanki ne, hau." Haka ya goya ta, hawa biyar cur, ina gaba ina haska musu. Da muka zo daidai inda abin ya ci, bango ya yi baƙi ƙirin, robar tana ɗiga, wani maƙwabci yana watsa yashi daga bokiti. Yaron ya ce mu riƙe numfashi, muka wuce. Ina jin yadda ƙirjinsa yake fito.

Muka iso ƙasa, sai ga Turawan nan da suka riga mu suna tsaye cirko-cirko a bakin ƙofa. Ƙofar ginin a kulle take da sarƙa. Maigadin, bawwab suke ce masa, wani dattijo mai jallabiya da ke kwana a ɗan ɗaki ƙarƙashin matakala, kullum yana ɗaure ta in dare ya raba saboda ɓarayi. A ruɗewar da ya yi ya rasa inda ya ajiye makullin, yana ta lalube a aljihu da ƙarƙashin matashi. Ban san ko minti uku aka yi ko biyar ba, amma ni a wajena shekara ce. Mutum wajen ashirin a zaure ɗaya, hayaƙi na sauko mana, titi ga shi muna gani ta tsakanin ƙarafa.

Allah ya taƙaita, wutar ba ta wuce allon ba. Muka zauna a bakin titi cikin sanyin asuba, Umma da hijabi da silifas ɗin banɗaki. Wani mai shayi da bai rufe ba ya fito da kujerun roba ya kawo mata shayi da na'ana'a, na miƙa kuɗi ya ƙi karɓa. Yaron nan kuma ya sake hawa ya ɗauko mata bargo. Wallahi a wannan lokacin na yafe musu komai. Na ce a raina tsautsayi ne, ko a Kano mita tana kamawa, mutanen kirki ne, zan ba su tauraro huɗu in yi shiru.

Da gari ya waye ne raina ya sake ɓaci, kuma har yau bai gama dawowa ba.

Na ce a ba ni fasfo ɗinmu. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce suna cikin durowar manaja, makullin kuma yana wajen manaja, manaja yana gidansa. Wato da ginin nan ya ci, da fasfo ɗinmu da bizarmu sun tafi tare da shi, mu zauna muna zarya ofishin jakadancin Najeriya da tsohuwa mai ido ɗaya a rufe. Sai bayan azahar ya iso, yana ƙamshin turare, ya buɗe baki ya ce "ma'alesh", wato a yi haƙuri. Na nuna masa kwaɗon ƙofar baya, ya ce ai na mai ginin ne, ba nasa ba. Na ce koren allon fa, wa ya liƙa? Ya yi dariya. Na ce tukunyar kashe gobarar fanko ce, ya ce za a canza. Na ce to mu tashi za mu yi, a mayar min da kuɗin kwana huɗun da suka rage. Nan take fara'ar ta ɗauke, ya juyo min da kwamfuta yana nuna min inda na yarda cewa ba a mayar da kuɗi. Ya ce matsalar ta ginin ce, ɗakinmu lafiyarsa ƙalau, kuma ga shi an dawo da wuta. Abin da ya iya yi mana, in ji shi, shi ne ya sauko da mu hawa na biyar. Na biyar! Kamar wanda ya yi mana kyautar Makka.

Abin da ya fi ƙona min rai, a gabana ya hau yaron nan da faɗa, don me ya kashe wutar ginin gaba ɗaya har firij ɗin kicin ya tsaya. Larabcina na Islamiyya ne, amma na tsinci wannan sarai.

Ɗan maƙwabcinmu ya zo da tasi ya kwashe mu. Bai ce "ai na faɗa miki" ba, Allah ya yi masa albarka, amma a hanya ya nuna min ginin sadarwa na Ramsis, wanda ya yi gobara a watan Yulin 2025, mutum 4 suka rasu, waya da intanet suka rikice a ƙasar. Ya ce, "Anti, nan fa ginin hukuma ne, da ma'aikata da komai, balle wanda mai shi yake zaune wani gari yana jiran haya." Ya karɓi wayata ya sa min lambobi: 180 'yan kwana-kwana, 122 'yan sanda, 123 motar asibiti, 126 'yan sandan masu yawon buɗe ido. Ya ce da a gaban manajan na danna ta ƙarshen, da wataƙila maganar kuɗin ta canza. Ban yi ba, Umma ta ce in bar shi da Allah, ita dai a fitar da ita daga unguwar.

Otal ɗin da muka koma a Madinat Nasr bai kai wancan kyau ba ko kusa. Tagarmu bangon maƙwabta take kallo, kuɗinsa ya ɗara, zuwa Tahrir kuma sai mun sha cunkoso. Amma ginin duka nasu ne, ƙofa a buɗe dare da rana da mutum a zaune. Kafin in biya na ce hawa na ɗaya nake so, na sa aka raka ni na tura ƙofar baya da hannuna, na sauka har titi na dawo. Matar kanta tana kallona kamar mai taɓin hankali. Fasfo kuwa ina tsaye ta ɗauki kwafi ta miƙo min. Umma ta ce yanzu na zama sufeton gini. Giza dai mun je, da sabon gidan tarihin da aka buɗe kusa da ita a Nuwamban 2025, Umma a keken guragu tana ta mamakin kayan Fir'auna Tutankhamun.

Tauraro biyu na ba su. Ɗaya na zanin gado da ruwan zafi, don ba zan ci haƙƙinsu ba. Ɗayan na yaron ne, wanda Umma ta sa na koma takanas na kai masa ɗan abin da ya sawwaƙa, da ƙyar ya karɓa, kuma har yau tana sa shi a addu'a tana ce masa "ɗan nan nawa na Masar". Kuɗin kwana huɗuna sun tafi, manhajar ma da na kai ƙara cewa suka yi sai in masaukin ya amince.

Bayan mun dawo da kwana goma sai ga saƙon manajan a WhatsApp, da fure da komai, wai yana fatan mun ji daɗin zama da su, in taimaka in ba su maki goma. Na mayar masa da tambaya ɗaya, ko an cire kwaɗon ƙofar baya. Ya karanta tun ranar, bai ba ni amsa ba.