Fiyanon koyo na yaro: sabo marar suna, Yamaha, Casio, ko na hannu?

Anti, na karanta tambayarki. Kin ce yaronki ɗan shekara tara ya fara koyon fiyano a Yelwa ta Bauchi, malaminsa ya ce sai an sama masa na maimaitawa a gida, ga shi aljihun ba nauyi. Kin ga wani sabo fil a kwali a kasuwar Wunti, da fitilu da makirfo, kuɗinsa bai kai rabin na Yamaha ba, kina tambaya ko ki ɗauke shi.

Kada ki ɗauka. Ni na taɓa faɗawa. Na saya wa ƙanena irinsa, maɓallai 61 cif, ga hoto mai kyau a jikin kwali. Damina ɗaya bai yi ba maɓallai uku suka mutu, mai gyara ya buɗe ya ce babu inda za a samu kayansa. Tun kafin ya mutu ma, in yaron ya danna maɓallai da yawa da hannu biyu sai wasu su yi shiru. Araha ba ta ado.

Abu biyu nake so ki riƙe kafin mu zo ga suna. Na farko girman maɓalli. Ki tafi da tef ɗin tela: fararen maɓallai bakwai a jere su kai wajen santimita 16. In sun gaza da yawa, na wasan yara ne. Ƙananan nan irin Casio SA-76 mai maɓallai 44 ko Yamaha PSS mai 37 ba jabu ba ne, suna da sauti mai daɗi, amma na ɗan shekara huɗu ko biyar ne. Yaronki zai saba yatsunsa da ƙanana, ya je gaban na malaminsa hannu ya rikice.

Na biyu shi ne ya fi muhimmanci, kuma shi ne masu shago ba sa faɗa sai an tambaya: jin nauyin yatsa. Ki danna maɓalli ɗaya a hankali, ki sake danna shi da ƙarfi. In sautin ya fito iri ɗaya, wannan fiyanon ba ya jin yatsa. Yaron da ya tashi da irinsa zai iya haddace waƙa tsaf, amma hannunsa bai san sassautawa da ƙarfafawa ba, komai bugu ɗaya ne kamar mai dakan gero. Gyara wannan daga baya ya fi koyar da shi tun farko wuya, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yanzu ga su gefe da gefe. A wajen Yamaha, jerin PSR-E ne na masu koyo, kuma lambar na gaya miki labari: waɗanda suka fara da 2, kamar E273, ba sa jin yatsa, waɗanda suka fara da 3, kamar E363 da E373, suna ji. A wajen Casio, CT-S200 ba ya ji, CT-S300 yana ji. Duka maɓallai 61 ne, sun ishe shi shekaru biyu ko uku na farko. Don haka gasar gaskiya tsakanin E373 da CT-S300 take.

Casio ya fi sauƙin kuɗi a yawancin shaguna, ya kuma fi sauƙin ɗauka: kilo 3.3, da marikinsa a jiki, yaro zai rungume shi a Keke Napep zuwa wajen darasi. Muryoyi 400 gare shi, wato sautukan kayan kiɗa iri-iri, da salon kiɗa 77. Yamaha ɗin kilo 4.6 ne, muryoyi 622, salo 205. Kada yawan nan ya ruɗe ki, mai koyo murya ɗaya yake amfani da ita wata da watanni. Abin da ya sa ni nake karkata ga Yamaha daban ne. Shi ne a hannun mutane a nan, daga mawaƙa a majami'u har masu haɗa kiɗan waƙoƙin Hausa a situdiyo. Malamin yaronki da wuya bai san lungu da saƙonsa ba, masu gyara sun saba buɗe shi, kuma ranar da yaro ya ce ya gaji (yara kan ce), ba za ki wahala wajen samun mai saye ba. A kunnena kuma muryar fiyanonsa ta fi cika, ko da yake na san masu rantsuwa da Casio.

Duka biyun suna aiki da batir shida irin na tocila ƙanana, abin da ba ƙaramin alheri ba ne idan aka ɗauke wuta da yamma. Duka suna da ramin abin sawa a kunne. Za ki gode mini a kan wannan ranar da ya maimaita layi ɗaya sau arba'in bayan isha'i.

In kuɗin sabo ya gagara, farashinsu kuwa dala yake bi, to na hannu mai suna ya fi sabo marar suna nesa ba kusa ba. E353 ko E363, ko Casio CTK-3500, duk suna jin yatsa. Sai dai a nan ake bukatar ido. Ki sa a danna maɓallan nan 61 ɗaya bayan ɗaya, farare da baƙaƙe, a hankali sannan da ƙarfi. A ƙarƙashinsu akwai roba, in ƙura ta shige ta sai maɓalli ya mutu, ko ya riƙa ihu ko da an shafa shi ne kawai. Ki buɗe gidan batir, in kin ga tsatsa ko farin gari, batir ya taɓa zuba a ciki. Ki ƙure ƙara ki ji ko lasifika tana karkarwa. Sai adafta, inda mutane suka fi ƙona kayansu: waɗannan Yamaha wuta volt 12 suke ci, waɗannan Casio volt 9.5, tsofaffin Casio da yawa kuma volt 9 ne da waya a juye, don haka ba a yi musu aron na wani. Kayan da suka fito daga Amurka na wuta volt 120 ne, na Japan 100, tamu kuwa 230, ki karanta jikin adaftar kafin a soka.

Mai maɓallai 88 masu nauyi irin Yamaha P-45 ki bar shi tukuna. Yana da kyau, amma ya wuce kilo 11, ba ya cin batir, kuɗinsa kuma wani labari ne.

Da ni ne, zan roƙi malamin ya raka ni, in biya masa kuɗin mota ko da Jos za mu je, tunda can zaɓi ya fi yawa. Sabon E373 in kuɗi sun kai, CT-S300 in sun ɗan gaza, E363 na hannu mai lafiya in sun gaza sosai. Ki kuma ware tsohon zane guda na rufe shi, hunturun Bauchi ba ya raga wa robar nan.