Labarin Sitiyari da Dokar Kiran Motoci a Amurka

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ka tambaye ni yadda gyaran mota yake a nan Amurka, shi ya sa zan ba ka labarin abin da ya same ni a watan jiya.

Odar motata ce ta fara ɗaukewa idan na karya kwana, daga baya maɓallan rediyo da ke jikin sitiyari suka mutu, sannan fitilar jakar iska ta kama ta ƙi mutuwa. Ashe wata siririyar waya ce mai faɗi kamar zaren kaset, wadda take naɗe a cikin sitiyarin tana kai wuta ga waɗannan duka, ita ce ta tsinke. Da a Kano ne, mai rewaya zai aika yaro Ƙofar Ruwa ya samo ta hannu, kafin la'asar an gama. A nan kuwa sai da na jira kwana tara, kuma da awa ake lissafin kuɗin aiki.

Inda suka fi mu shi ne doka. Akwai hukumar NHTSA da ke sa ido a kan lahanin da zai iya jawo haɗari, kuma idan kamfani ya yi kiran mota, wato ya sanar a dawo da ita saboda wani lahani da aka gano a ƙirarta, dole ya gyara kyauta muddin ba ta wuce shekara 15 ba. A 2015 Volkswagen ya kira motoci kusan 420,000 saboda irin wannan waya. Tawa ta wani kamfani ce daban, shi ma ya taɓa yin kira, amma da ma'aikacin dillalin ya shigar da lambar jikin motar mai haruffa da alƙaluma 17, sai ya juyo mini da fuskar kwamfutar ya ce ba ta cikin rukunin da aka kira. Na ce ciwo ɗaya ne, ya ce su lamba suke bi. A ganina wannan ba adalci ba ne, amma na biya, na adana rasit domin ana iya mayar da kuɗi idan aka faɗaɗa kiran, na kuma shigar da ƙorafi a hukumar.

Motar da kake shirin saya ta Kwatano, idan daga nan ta fito, ka turo mini lambarta kafin ka biya. Tana ƙasan gilashin gaba ta wajen direba. Ba za a gyara maka kyauta a gida ba, amma zan duba ko akwai kiran da ba a yi aikinsa ba.