Obin da ake ɗorawa a kan murhun gas: yadda ya gasa mini galet na kayan lambu da cuku a Birnin Kebbi

A farkon hunturun bara na sayi ƙaramin obin nan na ƙarfe da ake ɗorawa a kan murhun gas, a wani shagon kayan kicin da ke babbar kasuwar Birnin Kebbi, kuma tun daga lokacin ban huta da amsa tambayoyin maƙwabta da abokan aikina a kansa ba. Akwatin ƙarfe ne mai ƙofar gilashi, da ragar waya hawa biyu a ciki, da tire guda biyu, da ma'aunin zafi mai allura a jikin ƙofar. Ba shi da wuta tasa ta kansa, domin ƙasansa a buɗe yake, harshen wutar murhu yana dukan wani faifan ƙarfe, shi kuma faifan yana watsa zafin zuwa sama. Abin da ya ja ni gare shi a fili yake: kuɗinsa bai kama ƙafar na babban murhu mai obin a jikinsa ba, kuma ba ruwansa da wutar lantarki, wadda a unguwarmu ba ta da lokacin zuwa balle na tafiya. Mai shagon ya ce mini, "Hajiya, wanga obin ba abin da ba ya gasawa," ni kuma na yanke shawarar in gwada maganarsa da abu guda da na san yana tona asirin kowane obin, wato galet.

Galet abincin Faransa ne, kuma na koye shi ne daga yayata da ke aure a Yamai, wadda takan sauka wajenmu idan ta shigo ta Kamba. Sunan ya samo asali daga kalmarsu ta tsakuwa mai faɗi da santsi, shi ya sa suke kiran gasassun abubuwa masu faɗi iri-iri da shi, har ma a Nijar masu jin Faransanci suna kiran masarmu ta gero da wannan suna. Wanda nake magana a kai shi ne kwaɓin fulawa da man shanu da ake murzawa ya yi faɗi kamar faifai, a zuba kayan lambu da cuku a tsakiya, a naɗo gefen da hannu ya ɗan rufe su, a bar tsakiyar a buɗe. Ba ya buƙatar gwangwanin gashi, kuma rashin daidaiton bakinsa ba aibi ba ne a wurin masu shi. Wahalarsa ɗaya ce, amma babba ce: ana ɗora jiƙaƙƙen abu a kan siririn kwaɓi, ana kuma so ƙasan ya fito a bushe yana ƙaras-ƙaras, saman kuma ya yi ja. Obin da zafinsa bai kai ba zai ba ki ƙasa mai danƙo, wanda zafinsa ya taru wuri guda kuma zai ƙona miki ƙasan tun kafin albasa ta risina.

Awon da nake bi shi ne fulawa giram 200, man shanu mai sanyi giram 120, rabin ƙaramin cokali na gishiri, da ruwan ƙanƙara babban cokali 4 zuwa 5. Ana murtsuke man a cikin fulawar da kan yatsu har ya koma gutsattsari kamar ƙwayar wake, ba a bari ya narke ya haɗe da ita, saboda waɗannan gutsattsarin su ne sirrin abin. Man shanu ɗanye yana ɗauke da ruwa a jikinsa, idan ya shiga obin mai zafi da sanyinsa sai ruwan ya zama tururi ya ɗaga kwaɓin hawa-hawa. Shi ya sa soyayyen man shanu, wanda aka riga aka ƙone ruwansa, ba ya yin wannan aiki, duk da ƙanshinsa ya fi. Man shanu kuwa yana narkewa tun daga digiri 32 zuwa 35, alhali a watan Afrilu zafin Birnin Kebbi yana haura 40, saboda haka a bazara sai dai a kwaɓa da asuba, a bar kwaɓin ya yi awa guda a firiji ko a cikin kula mai ƙanƙara. A hunturu aikin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Na kawo wannan ne domin kada a ɗora wa obin laifin da na kwaɓi ne.

Gwajin farko bai yi daɗi ba, kuma dalilin yana jikin ƙofar obin. Galet yana son zafin digiri 200 na tsawon minti 35 zuwa 40. Na jira allurar ma'aunin ta kai 200, na saka tire a hawan ƙasa, kafin minti 20 ƙauri ya cika kicin, ƙasan ya yi baƙi ƙirin, saman kuwa fari fat. Daga baya na ari ƙaramin ma'aunin zafi na ratayewa a wurin wata mai sana'ar kek, na rataye shi a tsakiyar obin, sai na ga allurar ƙofa tana nuna ƙasa da ainihin zafin da ke ciki da tazara mai yawa, domin tana auna iskar da ke kusa da gilashi ne, inda ya fi ko'ina sanyi. Wannan shi ne babban aibin wannan kaya, kuma ina ganin bai dace a sayar wa mace obin da ma'aunin da zai ɓatar da ita ba, musamman ganin tsadar fulawa da man shanu a yanzu. Duk mai niyyar saye ta haɗa da kuɗin ma'auni na daban a cikin lissafinta.

Gyaran ya fito ne daga dabarar iyayenmu. Surukata, wadda ta shekara tana gasa kek a tukunya da yashi a kan gawayi, ta leƙo ta ce, "Ɗiyata, zuba rairayi a tiren ƙasa, ki maida abinki sama." Na wanke yashi na shanya, na zuba shi kaurin yatsa guda a ɗaya daga cikin tirorin, na ajiye a hawan ƙasa, na bar obin ya yi minti 15 yana ɗaukar zafi kafin in saka komai. Yashin yana shanye kaifin wutar yana sakin ta a hankali, kuma ko an buɗe ƙofa zafin ba ya zubewa gaba ɗaya. Daga nan ne na gane abin da ya sa na zauna rubuta wannan bayani: halin obin na turo zafi daga ƙasa, wanda yake illa ga kek mai kauri, shi ne ainihin abin da galet yake nema. Da zarar an rage masa kaifi, ƙasan galet yana fitowa a gashe, launin ƙasa-ƙasa, yana amsawa idan an ƙwanƙwasa shi da cokali, har ya fi wanda na taɓa ci daga babban obin lantarki.

Saman ne yake buƙatar taimako, tunda babu wuta a rufin. Ina shafa ruwan ƙwai a naɗin gefen, in barbaɗa riɗi, sannan a minti 10 na ƙarshe in ɗan ƙara wuta. Bayan obin ya fi gabansa zafi, don haka dole a juya tiren sau ɗaya a tsakiyar gashi, in ba haka ba rabi zai yi ja, rabi ya zauna fari.

Kayan cikin kuwa a nan Kebbi ba mu da abin nema a waje. Albasar Aliero ita ce ginshiƙi, manya guda 3, a yanka siriri a soya a wuta kaɗan-kaɗan na kusan rabin awa har ta yi laushi ta yi zaƙi ta koma ruwan zuma. Alayyafo ana tafasa shi na ɗan lokaci a matse ruwansa sosai da hannu, tumatir a yanka a barbaɗa masa gishiri a bar shi a matsami ya tsiyaye, tattasai a gasa a bare, a haɗa da tafarnuwa da masoro da ganyen daɗɗoya kaɗan. Duk wannan tsiyayewa saboda obin ne, domin ƙarami ne kuma tururi yana taruwa a cikinsa har ya rufe gilashin, kayan lambun da aka zuba ɗanye sai su dahu a ruwansu su jiƙa kwaɓin. Ina kuma barbaɗa cokali guda na garin busasshen burodi a kan kwaɓin kafin in zuba komai, ya tsotse abin da ya rage.

Na gwada cuku iri biyu. Na kanti mai narkewa yana jan zare yana burge yara, amma yana da tsada kuma ba kullum ake samunsa a garin nan ba. Cukun da matan Fulani ke kawowa, wanda suke daskarar da madara da tumfafiya, ba ya narkewa ko an daɗe ana gasa shi, sai dai ya yi ja a gefe ya riƙe siffarsa, kuma gishirinsa kaɗan ne, saboda haka sai an marmasa shi an ɗanɗana masa gishiri. A wannan obin na fi son na Fulanin, domin na kanti yana buƙatar wutar sama kafin ya yi ja, ita kuwa babu ita, sai ya narke ya kwanta fari yana fitar da mai. Idan baƙi za su zo nakan haɗa kashi biyu na Fulani da kashi ɗaya na kanti.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ya kamata a sani. Ƙarfen jikinsa siriri ne, yana yin zafin da zai ƙona hannu, don haka gidan da ke da yara ƙanana sai an tsare ƙofar kicin. Tirorin da ya zo da su suna lanƙwashewa idan zafi ya yi yawa, ni kam na sayi mai kauri na maye gurbin ɗaya. Faɗin cikinsa yana ɗaukar galet guda ne mai kimanin santimita 28, wanda zai ishi mutum 4 idan da abin sha, saboda haka mai babban gida ko mai gashin sayarwa za ta gaji da jira. Gas ɗin da yake sha bai tayar mini da hankali ba, tunda bayan ya ɗauki zafi wuta matsakaiciya ta ishe shi. Ya kamata kuma a bar taga a buɗe duk lokacin da ake aiki da shi, a tabbata ya zauna daram a kan murhun.

Na yi galet sau 9 a cikinsa zuwa yanzu, na kuma gasa burodi da fanke mai nama a ciki, duk sun yi kyau. Kek mai kauri ne kaɗai har yau yake fito mini da ƙasa mai duhu da tsakiya mai ɗan danshi, ko da yashin, don haka ban yarda da maganar mai shago ɗari bisa ɗari ba, kuma na koma na faɗa masa haka, na roƙe shi ya riƙa gaya wa masu saye batun ma'aunin. Ya karɓi maganar da mutunci, ya ce zai nemo ma'aunin ratayewa ya ajiye a shagon. Maƙwabciyata ta sayi irinsa a makon jiya, kuma ranar Asabar mai zuwa za mu yi gwajinta na farko tare, da kabewa a madadin alayyafo.