Eko na ƙeya ko jinin DPNI: amsa ga ƴar'uwarmu ta Tawa

Assalamu alaikum ƴan'uwa mata. Jiya da dare ƴar'uwarmu ta Tawa ta kawo tambaya, aka yi ta yi mata addu'a, Allah ya karɓa, sai dai har yanzu ba a ba ta amsar abin da ta tambaya ba. Ta ce shekarunta 38, ciki na shida, yau sati 9. Likita ya ambata mata awo iri biyu na duba halittar ɗan da ke cikin: ɗaya eko ne da ake auna ƙeyar ɗan, a haɗa da ɗibar jini, ɗayan kuma jini ne kaɗai mai tsada, wanda ya rubuta mata DPNI a takarda. Maigida ya ce ta zaɓi guda. Wanne za ta ɗauka?

Ƙanwata, ni ungozoma ce a nan Yamai, kuma ga amsata tun kafin bayani: ki fara da eko, kada ki bari sati 14 ya cika ba ki yi ba. Ba wai ya fi DPNI ƙarfi ba ne, a wajen gano tirizomi 21, wato ciwon Down, DPNI ya yi masa nisa. Dalilina shi ne eko yana da ƙofa mai rufewa, kuma yana ganin abubuwan da jini ba ya gani.

Awon nan biyu abu ɗaya suke farauta. A cikin kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai wasu ƙulle-ƙulle na gado da ake kira kuromozom, guda 46, an jera su biyu-biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wani lokaci wajen rabon sai a samu uku a inda ya kamata a samu biyu, su zama 47. In a lamba ta 21 ne, shi ne tirizomi 21, wanda wasu ke kira ciwon Down, da sunan likitan Ingila da ya siffanta yaran a 1866. Sai a 1959 ne Marthe Gautier da Jérôme Lejeune da Raymond Turpin suka gano a birnin Paris cewa ƙarin kuromozom ɗaya ne sanadi. Akwai kuma tirizomi 18 da 13, ba su kai shi yawa ba amma sun fi shi tsanani ƙwarai. Abin yana ƙaruwa da shekarun uwa: a shekara 20 kusan haihuwa 1 ce cikin 1500, a 35 kusan 1 cikin 350, a 40 kusan 1 cikin 100. Kina tsakanin na biyun ƙarshe, shi ya sa likita ya tayar da maganar. Ki juya lissafin ki gani: ko a shekara 40, mata 99 cikin 100 ba abin da zai same su ta wannan fuska. Kuma ba abin da uwa ta ci ba ne, ba iska ba ce, ba auren zumunci ne ke kawo shi ba. Ƴan mata masu cikin fari ma suna haifa.

Maganar lokaci ita ce ta fi damuna, don nan muke yin asara kullum. Awon ƙeya, wanda za ki ga an rubuta clarté nucale a takardar eko, ana yin shi ne daga sati 11 zuwa sati 13 da kwana 6, lokacin da tsawon ɗan daga ka zuwa mazauni yake tsakanin milimita 45 da 84. Kuma ƙirgen daga ranar farko ta hailarki ta ƙarshe yake farawa, ba daga ranar da kika fara jin tashin zuciya ba. Mu kuwa al'adarmu ɓoye ciki ce, ko don kunya ko don tsoron baki, sai ya kai wata huɗu ko biyar sannan a ɗauko karne a nufi awo. Kafin nan ƙofar ta rufe, ko nawa mutum zai biya ba a dawo da ita. DPNI ba haka yake ba. Daga sati 10 ana iya ɗibar jinin, a sati 16 ma ana iya yi, a sati 20 ma haka. Ke nan shi zai jira ki, eko ne ba ya jira. Ke da kike sati 9, nan da sati biyu ƙofarki za ta buɗe.

Da za ki tsaya bayan mai yin ekon, ga abin da za ki gani. Ɗan bai fi ɗan yatsanki tsawo ba, yana kwance a rigingine kamar a cikin ƙwarya, ana ganin goshi da ɗan hanci ta gefe. A bayan wuyansa akwai wani siririn layi baƙi tsakanin farare biyu, ruwa ne a ƙarƙashin fata, kowane ɗa yana da shi a wannan lokacin. Mai awon zai ƙara girman hoton har kai da ƙirji su cika allon, ya jira ɗan ya daidaita wuya, kada ya sunkuya kada ya ɗaga, sannan ya ɗora ƴan alamomi biyu a bakin layin. Yawanci milimita ɗaya da wani abu ne zuwa biyu da ɗoriya. In ya kai 3.5, an shiga maganar ƙarin bincike. Kypros Nicolaides da abokan aikinsa a Landan ne suka fito da wannan awo a farkon shekarun 1990. Ana haɗa shi da shekarun uwa da sinadarai biyu na jininta, PAPP-A da beta hCG, kwamfuta ta fitar da lamba mai nuna girman haɗarin. In an yi shi daidai, yana kama kusan 85 zuwa 90 cikin 100 na masu tirizomi 21.

Kin ji na ce in an yi shi daidai. Raunin eko ke nan, a hannun mutum yake. Kuskuren rabin milimita yana iya juya sakamakon. Na taɓa karɓar wata baiwar Allah da takardar wani wurin awo, an rubuta mata ƙeya ta yi kauri, ta kwana uku ba ta ci abinci ba. Da muka duba tsawon ɗan a takardar, ya wuce milimita 84 nesa ba kusa ba, wato an auna abin da lokacin auna shi ya riga ya wuce. Don haka kada ki ce wa mai karɓar kuɗi "eko nake so" kawai. Ki ce awon ƙeya na wata uku, ki tambaya ko mai yin ya saba da shi, kuma ki tabbata an rubuta tsawon ɗan da kaurin ƙeyar duka biyun, an ba ki hoton.

DPNI kuwa labarinsa daban ne. A 1997 Dennis Lo, masani ɗan Hong Kong, ya nuna cewa a jinin mace mai ciki akwai ɓurɓushin ADN, wato sinadarin gado da ke cikin kuromozom, na cikin da take ɗauke da shi suna yawo. Aka ɗauki shekaru ana gyara dabarar ƙirga su, a 2011 aka fara yi wa mata awon. Jini ake ɗiba a hannu kamar na kowane awo, ba abin da ke taɓa ɗan. A tirizomi 21 yana kama sama da 99 cikin 100, a 18 da 13 ya ɗan gaza haka. Inda ya fi burge ni ma ba nan ba ne, wajen rashin tayar da hankalin banza ne. In aka yi wa mata 1000 masu lafiyayyun ƴaƴa awon ƙeya da jini, kusan 50 za a ce musu suna cikin haɗari. In DPNI ne, wajen guda ɗaya ce. Duk wadda ta taɓa zama da mace tana jiran sakamako ta san abin da bambancin 50 da 1 yake nufi.

To amma ɓurɓushin nan daga mabiyiya suke fitowa, ba daga jikin ɗan kai tsaye ba, kuma akan samu mabiyiya tana da matsalar, ɗan kuwa lafiyarsa ƙalau. In da farko tagwaye ne ɗaya ya lalace ba a sani ba, shi ma yana rikita sakamako. Wani lokaci kuma labo ya dawo da takarda ba amsa, don rabon ɗan a jinin ya yi kaɗan, abin da ya fi faruwa ga mace mai jiki ko wadda aka ɗibi jininta da wuri. Sannan DPNI ba ya gaya miki ko ɗa ɗaya ne ko biyu suke raba mabiyiya, ba ya ganin ƙoƙon kai da bai rufe ba, ba ya ganin hanji a waje, ba ya daidaita miki watan haihuwa. Duk waɗannan aikin eko ne. Ƙeya mai kauri ma takan zama alamar ciwon zuciya ko da kuromozom 46 ne cif, kuma a irin wannan DPNI zai fito da kyau, uwa ta saki jiki. Ko a Faransa, inda takardun likitocinmu da yawa suka samo tsari, da eko da jini ake farawa: wadda lambarta ta faɗa tsakanin 1 cikin 51 da 1 cikin 1000 ita ake tura wa DPNI, wadda ta kai 1 cikin 50 a yi mata tayin awon tabbatarwa, wanda zan bayyana nan gaba, kai tsaye.

Kuɗi kuma ba sai na faɗa ba, tazarar tana da yawa. Kafin ku biya na DPNI ku tambaya ina za a kai jinin, kwana nawa sakamako zai yi, wane tirizomi da wane aka duba, kuma in bai ba da amsa ba wa zai ɗauki nauyin sakewa.

Yanzu abin da nake roƙon kowa a nan ta riƙe. Duka biyun tankaɗe ne, ba hukunci ba ne. Rariya ce ke ware waɗanda ya kamata a ƙara dubawa. Wata rana wata mata ta zo mini da takarda an rubuta 1/200, idonta ya kumbura, ta ce an ce ɗanta ba shi da lafiya. Na aika aka sayo gyaɗa a bakin ƙofa, muka ƙirga 200 a faranti, na ɗauki guda na shafa mata jan biro na mayar, na girgiza. Na ce ta rufe ido ta ɗauka. Ta ɗauka sau biyar, ba ta ci karo da mai jan ba. Na ce mata abin da takardar ke faɗi ke nan, 199 lafiya, ɗaya ce ake nema. Haka kuma sakamako mai kyau ba takardar shaida ba ce cewa komai lafiya, haɗarin ne ya yi ƙasa. Mai yanke magana shi ne a ɗebo ruwan da ɗan yake kwance a ciki da siririyar allura, daga sati 15, ana kallo da eko, ko a gutsuro ɗan ƙanƙanin yanki na mabiyiya wajen sati 11 zuwa 14, a ƙirga kuromozom ɗin ɗaya bayan ɗaya. Wannan yana da ɗan haɗarin ɓari, ƙasa da 1 cikin 200 a hannun ƙwararre, shi ya sa ba a yi wa kowa. Ko DPNI ne ya ce akwai matsala, kada a gina wata shawara a kansa sai an tabbatar.

Na san wasu za su ce, tunda abin da Allah ya ba mu za mu karɓa, mene ne amfanin sani? Tambaya ce mai kyau, kuma wadda ta ce ba ta son awon, haƙƙinta ne, ba mai tilasta mata. Amma ni na ga amfaninsa da idona. Kusan rabin yaran da ke da tirizomi 21 ana haifarsu da matsalar zuciya. Jikinsu yakan yi laushi, kama nono ya yi musu wuya a kwanakin farko, wasu hanjinsu a toshe yake, kuma suna bukatar a duba musu maƙoƙo da ji. Uwar da ta sani tun da wuri ba za ta haihu a gida ba. Za ta zauna da likitanta su yanke ko cibiyar uwa da yara ta can Tawa ta isa, ko kuwa ta taho Yamai kusa da matarnite Issaka Gazoby tun ciki bai tsufa ba. Hanyar nan ta Konni da Dogon Dutsi da Dosso ta haura kilomita 500, ba a yin ta da naƙuda, ba a yin ta da jariri mai shan wahalar numfashi. Kuma yaran nan suna girma, suna tafiya, suna magana, suna koyo, su ne sau da yawa masu sa gida dariya. A ƙasashen da ake kula da zuciyarsu tun suna jarirai, yanzu suna kaiwa wajen shekara 60.

Abu guda da ba ki tambaya ba amma ba zan yi shiru a kai ba: babu ɗaya cikin awon nan biyu da ke ganin amosanin jini, wato sikila, alhali a ƙasarmu shi ya fi tirizomi yawa nesa. Nasa awon daban ne, na jininki da na maigida, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na DPNI ba. In ba ku taɓa yi ba, ku haɗa da shi. Haka ekon wata biyar, wajen sati 20 zuwa 22, wanda ake bin zuciya da ƙoda da ƙashin baya gaɓa-gaɓa, yana nan daram ko wanne kika zaɓa.

Ga yadda zan yi da ke ƙanwata ce ta ciki ɗaya. Ki karɓi randebu na eko a sati 12, a ɗibi jinin PAPP-A da beta hCG a makon. In ƙeya siririya ce kuma lamba ta nuna haɗarin ya yi ƙasa sosai, ki ci gaba da awonki da shan ƙwayoyin ƙarin jini. In lamba ta faɗo tsaka-tsaki, wanda a shekara 38 ba abin mamaki ba ne don shekarun kansu suna cikin lissafin, a nan kuɗin DPNI yake da amfani, sai ki nuna wa maigida takardar. In kuwa ƙeya ta kai 3.5, kada ku kashe kuɗi a DPNI, ku nemi likitan mata ya yi muku maganar awon tabbatarwa da duban zuciyar ɗan. Ki duba karnenki yau ki turo mini ranar farkon hailarki ta ƙarshe ta akwatina, in ƙirga miki ranar da ƙofar za ta buɗe da ranar da za ta rufe.