HIIT ko tafiyar sassarfa: amsa ga ƙanwar da ke haki a kan bene

Wata ƙanwarmu ta yi tambaya jiya. Shekarunta 24, tana wurin aiki daga safe har la'asar, da ta hau bene sai haki, ga teɓa ta fara leƙowa. Wanne ya fi mata: atisayen nan mai zafi na minti 20 da ake kira HIIT, ko tafiya da sassarfa ta minti 40? To ƙanwata, ga yadda na auna su.

HIIT shi ne ki ƙure ƙarfinki na ɗan lokaci, ki sassauta, ki sake ƙurewa, haka har ki gama. A ɗayan kuwa saurin da kika fara da shi za ki riƙe. Bakinki ne ma'auni: a sassarfa za ki iya hira amma ba za ki iya rera waƙa ba, a HIIT na gaske kuwa kalma biyu ko uku ce za ta fita, sauran duk numfashi ne.

An taɓa gwada su gefe da gefe a kan mata irinki. A 2008 masu bincike a Jami'ar New South Wales da ke Sidni, Ostareliya, sun fitar da sakamakon aikin da suka yi da matasan mata 45, waɗanda aka kasa gida uku na tsawon mako 15. Kashi na farko suna hawa keken motsa jiki sau uku a mako: daƙiƙa 8 da iya ƙarfi, daƙiƙa 12 a hankali, har minti 20. Na biyu suna tuƙawa da matsakaicin sauri har minti 40. Na uku ba a sa su komai ba. Masu atisayen duka sun ƙara ƙarfin zuciya da juriya, amma na farkon ne kawai kitsensu ya ragu, da kusan kilo 2.5.

Wannan binciken ne ake yawan kafa hujja da shi, sai dai ki lura: kilo biyu da rabi a kusan wata huɗu, ba a mako biyu ba kamar yadda masu tallar bidiyo ke yi wa mutane romon baka. Kuma da aka haɗa bincike masu yawa aka nazarce su tare a 2017, sai aka ga ragin kitsen hanyoyin biyu kusan ɗaya ne. Inda HIIT ya yi zarra shi ne lokaci. Hatta Hukumar Lafiya ta Duniya lissafinta ke nan: minti 150 na matsakaicin motsi a mako, ko 75 na mai zafi, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka.

Ko Tabatan da kike gani a YouTube, daƙiƙa 20 aiki, 10 hutu, sau takwas, sunan wani masani ne ɗan Japan, Izumi Tabata. A bincikensa na 1996 samari ne masu jini a jika suka yi shi a kan keke har sai da suka galabaita. Minti huɗu na ɗaga hannu ana murmushi suna kawai ya ara.

Sai batun wahala. Tafiya kullum ma za ki iya yi, ba ta cika jawo rauni ba. Damuwarta hanya, rana da lokaci. HIIT kuwa a ɗakinki da igiyar tsalle ma ya wadatar, amma yana son hutun kwana ɗaya a tsakani, kuma tsalle-tsallen na cin gwiwa da idon sawu. Matan Sidni a kan keke suke, ba sa dira da nauyinsu. Idan kina yawan jin jiri ko al'adarki na zuba da yawa, a fara duba jininki, don ƙarancin jini ya yi yawa a tsakanin 'yan mata. Mai sikila, asma, ciwon zuciya, hawan jini, juna biyu ko ɗanyen jego kada ta soma sai likita ya amince.

Da ni ce ke, wata ɗaya zan yi ina sassarfar minti 30 sau biyar a mako. Bayan nan sai in mayar da kwana biyu na HIIT: ɗumama jiki minti biyar, daƙiƙa 30 da ƙarfi, minti ɗaya a hankali, sau shida, ina ƙarawa kaɗan-kaɗan. Hakin bene shi zai fara sauƙi, cikin 'yan makonni. Teɓa kuwa ba atisayen da ke zaɓar ta ita kaɗai ya narkar. Tare da sauran jiki take sauka, kuma lemon kwalba da indomin dare suna da nasu hannun a ciki.