Wasan marubuci mashayi: dariyar ta biya kuɗina, ƙarshen bai gamsar da ni ba

A Maradi ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne a hau da mashayi kan dandali, a kuma sa shi waƙa. Manya ba su manta watan Nuwamba na 2000 ba, lokacin da zanga-zangar adawa da bikin nunin tufafi na FIMA ta tashi daga Yamai ta iso nan, har aka cinna wa gidajen giya wuta. Shi ya sa na biya jaka guda na shiga kallon wasan barkwanci mai waƙe-waƙe da wata ƙungiyar matasa ta shirya, ina fargabar ko su ƙawata giya ko su mai da dandalin wurin wa'azi.

Labarin wani tsohon malamin lakwal ne da ya ajiye alli, ya ce zai rubuta littafin da za a karanta daga Maradi har Kano. Yana da tsohon keken rubutu, yana da baki, kuma kowa na bin sa bashi: mai shayi, ɗan kabu-kabu, mai gidan haya, da matar da ke dafa burkutu a bayan gari. Waƙar masu bin bashi ita ta fara tayar da zauren. Makaɗin ya matse kalangu a hammata, gangar ta riƙa faɗin "biya bashi" tun mawaƙi bai buɗe baki ba, mutane suka gane, suka karɓa da tafi. Irin barkwancin da muka taso muna gani ne a gidan talabijin na Télé Sahel wajen su Yazi Dogo, da wasannin samariya na zamanin Seyni Kountché, inda ake faɗa wa mutum laifinsa yana ƙyalƙyala dariya.

Abin da ya sa nake yaba wasan shi ne bai yarda da ƙaryar nan da ake yaɗawa ba, wai maye na buɗe basira. Mutumin nan jimla ɗaya yake bugawa a kan kowace takarda, ya zare, ya jefar, ya tafi neman abin da zai "saki kansa". Matarsa na tsince takardun tana ƙunshe ƙuli-ƙulin da take sayarwa, har unguwa duka ta haddace jimlar, yara na rera masa ita a hanya. An yi dariya sosai a nan. Sai ga fitowar safiya: ya zauna zai zura takarda a keken, hannunsa na karkarwa, takardar na kaucewa. Ya dafe hannun da ɗaya hannun, ya sake gwadawa. Ɗan wasan bai ce uffan ba, makaɗa ma suka tsaya. Wata dattijuwa a gefena ta ce a hankali, "Wayyo, ɗan nan, Allah ya shirye ka." Duk wanda ya taɓa zama da mai wannan larura ya san karkarwar: jiki ya saba da barasa, in ta ragu cikin jini da asuba sai rawar hannu da zufa su taso.

Bayan wannan sai matar marubucin ta yi waƙarta, mata uku na mata kiɗan ƙwarya. Ba ta zage shi ba. Lissafi ta yi na abin da ya fita daga ɗakinta ya tafi kasuwa, tun daga kwanonin jere har zannuwan aure, tana kiran sa Malam daga farko har ƙarshe. Ban ji waƙar da ta kai ta ba a daren.

Inda na rabu da su shi ne ƙarshe. Sun sauke tukunya tun ba ta nuna ba. Liman ya shigo, ya karanta aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, marubucin ya fasa kwalba, kowa ya shiga rawa. Ba ni da ja da tuba, ita muke roƙa wa kowa. Amma hanin giya kansa daki-daki ya sauka: Baƙara aya ta 219 ta ce zunubinta ya fi amfaninta, Nisa'i aya ta 43 ta hana kusantar salla cikin maye, kafin Ma'ida ta rufe ƙofar. Kuma wanda ya kai matakin karkarwa, in ya yanke sha farat ɗaya babu likita, yana iya faɗuwa da jijjiga ko ya riƙa gane-gane, har rai ya salwanta. Masu wasan da suka nuna mana wancan hannun sun san haka. A zauren akwai iyaye da ke da irin wannan ɗa a gida, kuma sun cancanci a nuna musu hanyar asibiti tare da ta masallaci. Abin da ya fi ci mini rai, matar da ta ɗauki gidan a kanta ba a ba ta ko kalma ɗaya ba a fitowar ƙarshe, rawa kawai aka sa ta.

Sauti ma ya ba da matsala. Makirufo biyu ake miƙa wa juna, kuma fiyano ta danne gurmi a waƙoƙin tsakiya, na baya suna ta cewa a ɗaga murya.

In sun sake nunawa, ku je, ku nemi kujerun gaba, ku bar ƙananan yara a gida saboda fitowar gidan burkutu akwai zantukan manya. Su kuma masu wasan, ina roƙon su ƙara wa matar baiti ko biyu kafin a rufe labule, mu ji da bakinta ko ta yafe.