Sashen duba tumbi da kyamara da muka kai Yaya: abin da na gani

Wata uku Yaya ta yi tana shan maganin olsa. Loma uku za ta yi ta ture kwanon tuwo ta ce ta ƙoshi, da dare kuma zafi ya taso mata a ƙahon zuci. Mai kemis ɗin layinmu ya yi ta ba ta omeprazole, mu ma muka biye, don ba mu kaɗai ba ne gidan da ake cewa "ai olsa ce". Ranar da bayan gidanta ya fito baƙi ƙirin kamar kwalta, jiri ya kwashe ta wajen alwala, ranar muka san abin ya wuce kemis. An ƙara mata jini leda biyu, aka tura mu wani asibitin kuɗi a nan Kano a duba tumbin da kyamara, wato endoskofi.

Shekara uku kafin nan an yi mata aikin kansar ƙwan mace. An cire mahaifa da ma'ajiyar ƙwai duka biyu, ta sha kemo, wato maganin kansa da ake ɗurawa ta jijiya, sau 6, carboplatin da paclitaxel, duk bayan mako 3. A wurinmu magana ta wuce, har ba ma son ambatonta a gida.

Duba tumbin shi kansa ba ni da abin cewa a kai. Sun ce kada ta ci komai tun dare, suka fesa mata maganin da ke kashe maƙogwaro, suka yi mata allurar da ke sa gyangyaɗi. Wata nas mace ta riƙe mata hannu har aka gama, ta kuma gyara mata hijabi ba tare da an roƙe ta ba. Wannan ya kwantar wa Yaya hankali fiye da allurar. Kamar minti 15 aka fito da ita.

Amma abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne tambayar da likitan ya yi tun kafin a fara. "Hajiya, an taɓa yi miki aiki a ciki?" Yaya ta ce, "Ranka ya daɗe, an yi, amma da daɗewa, an gama da wannan." Bai bari ta wuce a haka ba. Ya ce in je in kawo duk takardun wancan aikin, ko da sun yage. Bayan ya gama ya juyo mini da allon kwamfutar: wani ƙullutu ne a bangon tumbi, samansa sumul, tsakiyarsa ta ɗan loɓa tana tsattsafar jini.

Ya ɗauki takarda ya zana mini. Kansar ƙwan mace, in za ta bazu, yawanci kan fatar da ta lulluɓe kayan ciki take warwatsuwa, shi ya sa cikin masu ita ke cika da ruwa. Ta shiga cikin naman tumbi ta zauna abu ne da ba kasafai ake gani ba. Wanda likitoci suka fi sani shi ne akasinsa, kansar tumbi ta gangara ta kama ƙwan mace, wadda ake kira da sunan Krukenberg, likitan Jamus da ya bayyana ta a 1896. Don haka sai an tantance daga ina ta taso, domin maganin wannan daban, na waccan daban. Ban taɓa samun likitan da ya yi mini bayani da Hausa tsantsa haka ba, kuma bai duba agogo ba ko sau ɗaya.

Inda suka ɓata mini rai shi ne wajen sakamako. Tsokar farko da aka tsinko a wurin ƙullutun don gwaji ta dawo da cewa kumburi ne kawai. Muka yi ta hamdala a mota, Yaya har da kiran 'ya'yanta. Washegari aka kira mu aka ce a sake, wai ƙullutun a ƙarƙashin fatar tumbi yake, ɗan maƙatar da ake tsinko tsokar da shi bai kai gare shi ba. Na fahimci hakan na faruwa. Abin da ban yafe ba, babu wanda ya gaya mana tun farko cewa yana iya faruwa, kuma ma'aikacin da ya miƙa mana takardar shi ya ce mana "lafiya lau". Murnar dare ɗaya da aka ƙwace ta fi mana ciwo a kan jiran. Sannan aka sake karɓar kuɗin aikin cif, ba ragi.

Tsoka ta biyu ba a nan aka gama bincikenta ba, wani ɗakin gwaji aka aika a yi mata rini na musamman, muka yi kusan mako 3 muna sintiri, wayar sashen kuma ba a ɗauka. Da ta fito, alamomin PAX8 da WT1, waɗanda ke nuna asalin ƙwan mace, sun bayyana. CDX2, da ake yawan samu a kansar tumbi da hanji, bai bayyana ba. Awon jini na CA-125, da ake bibiyar kansar ƙwan mace da shi, wanda ake so ya tsaya ƙasa da 35, shi ma ya haura sosai. Tsohuwar cutar ce ta dawo ta wata ƙofar.

Ko zan tura wani mutum wannan asibitin? Zan tura, saboda likitan da nas ɗin. Sai dai ku tafi da kowace takarda ta tsohon aiki, ku nemi a rubuta muku kuɗin komai har da na maimaici, kuma kada ku karɓi fassarar sakamako daga bakin kowa sai likitan da ya yi aikin.

Yaya ta koma wurin likitocin kansa. Sun ce tunda ta haura wata 6 nesa ba kusa ba da gama kemon farko, akwai kyakkyawan zaton carboplatin zai sake kama cutar, amma ba su yi mana alkawarin warkewa ba. Ta karɓi zagaye na biyu makon jiya. Baƙin bayan gidan ya tsaya. Yau da safe ta shanye kofin kunun gyaɗa, ta ce in ƙara mata rabi.